Tsarkin Ruwa da Ragowar Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta

Maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ɗauke da sinadarin kulorin ba ya tsayawa a inda aka zuba shi. Bayan an wanke masai ko daɓen ɗakin haihuwa, ragowarsa na bin ruwan wanki ta fita waje. A Unguwar Kanawa, cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, kusa da tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, babu bututun da ke tattara ƙazamin ruwa zuwa wata matata, kamar dai mafi yawan unguwannin garin. Bayan gida na shiga sokawe ko salga. Ruwan wanka da wanki da wanke-wanke kuwa ta rariya yake fita, ya faɗa kwata, ya bi ƙorama, ƙoramar ta kai shi Kogin Kaduna. Ga al'ummar da ke auna ruwa da ma'aunin ibada, wannan ya haifar da tambaya biyu. Ta farko: mene ne hukuncin ruwan da magani ya shiga, kuma in an cire maganin da dabarun kimiyya, tsarkinsa na dawowa? Ta biyu ta fi nauyi, kuma ita aka fi yi wa sakaci: wanda ya zuba abu mai tsarki amma mai cutarwa a ruwan jama'a, me ke wuyansa?

Magungunan kashi biyu ne, kuma hanyar kawar da su ba ɗaya ba ce. Kashi na farko shi ne sakakken kulorin: bilic irin su Hypo da Jik da ake saye a shagon unguwa, da garin kulorin da ake jiƙawa a asibiti, da wanda ake sa wa ruwan famfo a matatar ruwa ta Malali. Wannan yana da kaifi amma ba ya daɗewa, domin rana da iska da dattin da ya tarar suna ƙarar da shi. Kashi na biyu su ne sinadaran da aka ƙera da kulorin ɗaure a jikinsu, kamar kulorozailinol wanda shi ne kashi 4.8 cikin 100 na ruwan Dettol, da tirikulosan da aka daɗe ana sa wa wasu sabulai da man goge baki, da kulohegzidin da ake wanke rauni da cibiyar jariri da shi. Waɗannan suna da taurin kai. Ɗaurin da ke tsakanin kulorin da kabon yana da ƙarfi, ga shi kuma ƙananan halittun da ke ruɓar da datti a kwata da kogi, waɗanda aikinsu ne su warware irin wannan ɗauri, su ne ainihin abin da aka ƙera maganin ya kashe.

Babu mai adalcin da zai raina amfanin kulorin. A 1908 likita John Leal ya fara sa shi a ruwan shan birnin Jasi Siti na Amurka a kai a kai, sauran birane suka bi, mace-macen zazzaɓin taifot suka ragu ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a sami aƙalla miligiram 0.5 na sakakken kulorin a kowace lita bayan minti 30 da zubawa, kuma kada ya gaza 0.2 lokacin da ruwan ya isa famfon gida. Da cutar Ebola ta shigo Legas a 2014, ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.05 cikin 100 aka riƙa wanke hannu da shi, mai kashi 0.5 kuma don goge kaya da daɓe. A sansanin masu kwalara har mai kashi 2 ake zuba wa amai da gudawa kafin a zubar. Annobar kwalarar 2021, wadda ta fi tsanani a jihohin Arewa, an yi zargin ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Duk maganar da za a yi kan illar kulorin, a ƙarƙashin wannan gaskiya za a yi ta.

Illar ta fara bayyana sosai a 1974, lokacin da Johannes Rook, masanin sinadarai a hukumar ruwan Rotadam ta ƙasar Holan, ya nuna cewa kulorin na haɗuwa da narkakken ruɓaɓɓen ganye da ke cikin ruwan kogi ya haifi kulorofom da danginsa. Wato maganin ya kashe cuta, amma ya bar sabon abu a madadinta, kuma gwargwadon dattin ruwa gwargwadon yawan abin da ke haifuwa. Kifi ya fi mutum rauni nesa ba kusa ba: ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka ga halittun ruwan daɗi maikirogiram 11 ne a lita idan zaman zai daɗe, alhali abin da ake sa wa ruwan sha ya kai maikirogiram 500. Tirikulosan kuwa, in ya gamu da kulorin da hasken rana, wani ɓangarensa na rikiɗa zuwa sinadaran dangin dayoksin, an kuma same su a lakar tafkunan jihar Minesota. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi, tare da wasu sinadarai 18, a sabulun wanke hannu na gida, saboda masu ƙerawa sun kasa tabbatar da cewa ya fi sabulu da ruwa amfani. Kulorozailinol ba ya cikin waɗanda aka hana a lokacin.

Dabarar da ake ruguza irin waɗannan sinadarai ita ce ƙona su a cikin ruwa ba tare da wuta ba. Abin da ke sa ƙarfe ya yi tsatsa, itace ya zama toka, shi ne oksijin ya far wa abu ya karya ginin jikinsa, kuma ana iya haddasa haka a ruwa da gangan. Makamin da ya fi kaifi shi ne wani ɓarɓashin ƙwayar ruwa da ake kira haidiroksil, wanda ba ya rayuwa ko daƙiƙa ɗaya amma yana afka wa kusan duk abin da ya taɓa. Ƙarfinsa ya kai bolt 2.8, na iskar ozon 2.07, na kulorin kansa 1.36. Tun 1894 Henry Fenton na jami'ar Kambirij ya lura cewa gishirin ƙarfe da haidirojin faroksaid in sun haɗu suna ruguza abin da ɗayansu ba zai iya shi kaɗai ba, daga baya aka gane haidiroksil ne ke fita daga haɗin. Hanyar tana da sauƙin kuɗi, sai dai tana buƙatar a tsamama ruwan zuwa ma'aunin tsami na 3 ko kusa da haka, a sake daidaita shi bayan an gama, a kuma nemi inda za a kai lakar ƙarfen da ta kwanta. Ana kuma amfani da ozon, wadda ba ta ajiyuwa, dole a samar da ita nan take da wutar lantarki marar yankewa, abin da ba ƙaramin sharaɗi ba ne a Kaduna. Ana haɗa faroksaid da fitilar haske mai ƙuna, amma sai ruwan ya zama garau. A Almeriya ta ƙasar Sifen an daɗe ana gwada hanyar Fenton da hasken rana a madadin fitila, kuma wannan ya cancanci masanan Arewa su sa masa ido, tun da rana ba ta yi musu ƙaranci ba.

In ƙonuwar ta kai ƙarshe, abin da ke saura uku ne: ruwa, da iskar kabon irin wadda ake fitarwa a numfashi, da kuloraid, wato rabin gishirin miya. In kuwa aka tsaya a tsakiya, don ƙarancin sinadari ko gaggawa, sai babbar ƙwaya ta karye zuwa ƙanana masu riƙe da kulorinsu, wasunsu ma sun fi uwarsu dafi. Ozon ma in ta tarar da buromaid a ruwa takan haifi buromet, wanda shi ma abin gudu ne. Shi kuwa sakakken kulorin ba a ƙona shi, domin shi kansa mai ƙonawa ne. Kwantar da shi ake yi da gishirin tayosalfet ko salfait, ko a tace ruwan da sarrafaffen gawayi, ko a bar shi a buɗe a rana. Ƙasar Siwizalan ta fara aiki da wata doka a 2016 cewa kimanin matatun ƙazamin ruwa 100 su ƙara matakin ozon ko gawayi don rage irin waɗannan ƙananan gurɓatattu da kashi 80 cikin 100. Ko mai arziki irin wannan bai yi alkawarin cire duka ba.

A ɓangaren fiƙihu, duk ɗalibin da ya karanta Ishmawi da Iziyya da Risala a zaure ya san ruwa kashi uku ne a mazhabar Malikiyya. Akwai mai tsarki mai tsarkakewa, wanda launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su jirkita da wani baƙon abu ba. Akwai mai tsarki marar tsarkakewa, wanda abu mai tsarki irin su nono ko sabulu ya jirkita, ya halatta a al'ada amma ba a ibada ba. Akwai kuma wanda najasa ta jirkita, ba ya yin ko ɗaya. Bilic da Dettol ba najasa ba ne. Amma bokitin da aka zuba wa Dettol har ya yi fari ya ɗauki ƙamshinsa ya faɗa kashi na biyu, don haka wankan janaba da alwala ba su inganta da shi. Mas'ala ce da ke aukuwa kullum a gidaje, kuma maganinta mai sauƙi ne: a raba ruwan ibada da ruwan magani.

Ruwan famfo mai ɗan warin kulorin hukuncinsa dabam ne a wurin mafi yawan malaman wannan zamani. Magabata sun yi rangwame ga jirkitar da ta zo daga mazaunin ruwa, kamar laka da gishiri da kanwar ƙasa, da wadda ta zo daga abin da ke gyara mazubinsa, kamar jimar salka ko warin kwaltar da matafiyi ya shafa mata. Kulorin ɗan kaɗan da aka sa don gyaran ruwan kansa, wanda kuma mutanen gari ba su da hanyar kauce masa, ya fi cancantar wannan rangwame. Haka alif ɗin da ake kwantar da ruwan rijiya da shi.

Batun dawowar tsarki tsoho ne. Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, ya kawo saɓani a Muhtasar game da ruwan da najasa ta jirkita sannan jirkitar ta gushe ba ta hanyar ƙara masa ruwa mai yawa ba: wasu sun ga tsarkinsa ya dawo, wasu sun rinjayar da cewa bai dawo ba. Masu cewa ya dawo hujjarsu ita ce hukunci na tafiya da dalilinsa, in jirkita ce ta kawo shi, gushewarta ta ɗauke shi. Masu cewa bai dawo ba suna ganin najasar na nan, ɓuya kawai ta yi. Abin lura shi ne kimiyya ta mai da wannan saɓani abin da ake iya bincikawa. Akwai ruwan da alamar ƙazantarsa ta ɓace alhali ƙazantar na nan, akwai kuma wanda aka ruguza ƙazantarsa har asali. Na biyun ya shiga babin istihala, wato rikiɗar abu zuwa wani abu dabam, kamar giyar da ta koma ruwan hal ko jinin da ya zama almiski, waɗanda Malikiyya suka yarda da tsarkinsu. Ƙwayar da aka ƙona ta koma ruwa da iska da gishiri ba ta ɓuya ba, ta daina kasancewa.

A 1978 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yanke cewa ƙazamin ruwan da aka tace sarai, har babu alamar najasa a launi ko ɗanɗano ko wari, ya tsarkaka, ana alwala da shi, shansa ma ya halatta muddin ba ya cutar da lafiya, duk da ta fi son a guji shan in da hali. A 1989 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka ta yanke irin wannan hukunci, bayan masana sun bayyana mata matakai huɗu na tacewa: kwantar da laka, shigar da iska, kashe ƙwayoyin cuta, da tsabtacewa da kulorin. Shehu Bakar Abu Zaid ya nuna rashin gamsuwa, yana duban cutarwa da ƙyamar da ke iya saura. Ga abin da ya kamata a tsaya a kai: matakin da fatawar ta ƙidaya a matsayin cikamakin tsarkakewa, shi ne masana sinadarai suka nuna cewa shi ma yana buƙatar wani mataki a bayansa. Wannan ba karo ba ne tsakanin malamai da masana. Tambayar da aka kai wa majalisar ta najasa ce, ita kuma ta amsa. Tambayar cutarwa dabam take, kuma tun a fatawar 1978 an ajiye mata sharaɗinta.

Akwai hikima a rataya hukuncin tsarki ga ido da harshe da hanci. Salla wajibi ce a kan makiyayi a daji da ɗan garuwa mai tura kura da farfesa a ɗakin gwaji, dole ma'auninta ya zama abin da kowa ke ɗauke da shi a jikinsa. Da an ce sai an auna maikirogiram kafin a yi alwala, da ibada ta gagari talaka, da waswasi ya cinye mai tsantseni. Don haka sakamakon ɗakin gwaji ba ya ɓata alwalar kowa. Kuskuren da ake yi shi ne juya maganar, a ɗauka duk abin da ya inganta alwala ya kuɓuta daga cutarwa. Fiƙihu bai taɓa faɗin haka ba. Zaƙami mai tsarki ne, mutum zai yi salla da 'ya'yansa a aljihu, amma cin abin da zai gusar da hankali daga cikinsa haramun ne. Magimfa ganye ne mai tsarki, amma yana sumar da kifin tafki. Ruwan da ya fito garau, ba launi ba wari, yana iya ɗauke da abin da zai kashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa.

Saboda haka wajabcin cire ragowar magani ba daga babin tsarki yake fitowa ba, daga babin haƙƙi yake fitowa. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa na daga manyan ginshiƙan fiƙihu. Hadisai sun zo da hana fitsari a ruwa marar gudu, da tsoratarwa kan ɓata mashayar jama'a da hanyarsu da inuwarsu, da bayanin cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Malamai sun yi saɓani kan ko hanin farko haramci ne ko karhanci, amma akwai darasi a cikinsa ko ta wace fuska: ɗan abin da mutum ɗaya zai zuba a babban tafki ba zai jirkita shi ba, a ƙa'idar Malikiyya ruwan na nan da tsarkinsa, duk da haka aka hana. Ke nan shari'a ta dubi abin da zai faru in kowa ya yi, ta kuma dubi wanda zai zo ɗiba daga baya. Jama'a sun riga sun yarda cewa masuncin da ya zuba gamalin a ruwa don ya kwashi kifi ya yi ɓarna. Abin da ya raba shi da mai zubar da ragowar bilic niyya ce da yawa, kuma bambancin niyya na ɗauke zunubin ganganci, amma ba ya ɗauke cutar daga kan mai lambun fadama da ke ban ruwan alayyafo da latas daga ƙorama, ko ƙauyukan da ke ɗibar kogin kai tsaye a hanyarsa ta zuwa madatsar Shiroro da ƙasar Nupe.

Wahalar ita ce wa za a kama. Hukuncin lamuni a fiƙihu ya fi sauƙi inda mai ɓarna ɗaya ne kuma ɓarnar a fili take. Kaduna ta san irin wannan: tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, ruwan rini da bilic ya daɗe yana bin Rafin Makera zuwa kogi, ana ganinsa da ido, har masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000. Cutar da ke fitowa daga dubban rariyoyi kuwa ba ta da fuska ɗaya. Irin wannan shi ne muhallin farilla ta kifaya, wadda in babu wanda ya tsaya mata laifi ya hau kan duk masu iko da ita, kuma hukuma ce kan gaba. Akwai hukumar NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007, akwai hukumar kare muhalli ta jiha wato KEPA, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, ba nisa da Unguwar Kanawa. Bayan hukuma sai manyan masu amfani: asibitoci da ɗakunan gwaji, mayanka, gidajen kaji, masu ruwan leda, manyan wuraren wanki. A wurinsu maganin a tattare yake cikin ruwa kaɗan, kuma a nan ne ƙonawa ta fi sauƙi da arha, domin da zarar ya gauraya da ruwan kwata, haidiroksil zai ƙare wajen cin sauran datti kafin ya kai gare shi. Mai iya tsayar da cuta a bakin ƙofarsa da ɗan kuɗi, uzurinsa bai kai na wanda ba shi da hanya ba.

Gidan talaka ba a ɗora masa abin da ba zai iya ba, kuma ba a ce ya daina kashe ƙwayoyin cuta ba. A unguwar da rijiya ke kusa da salga, ƙarancin kulorin ya fi yawansa haɗari, kuma ƙa'ida ce a jure ƙaramar cuta don tunkuɗe babba. Amma larura gwargwadonta ake ba ta. Zuba bilic tsurarsa inda sirkakke ya isa, da sa maganin kashe cuta a ruwan wankan mai lafiya kullum, da sayen sabulun magani inda sabulun gargajiya zai yi aikin, duk sun fita daga inuwar larura sun shiga almubazzaranci. Haɗa bilic da ruwan wanke masai mai tsami kuwa yana fitar da iskar kulorin da ke iya shaƙe mai wankin tun kafin maganar kogi ta taso.

Saura batun shaida. In cutar ba ta ganuwa, maganar wa za a karɓa cewa ruwa ya gyaru? Muhtasar ya kawo cewa ana karɓar labarin mutum ɗaya adali game da najasar ruwa idan ya bayyana dalilinsa, ko kuma mazhabarsa ɗaya da ta wanda ya ba labarin. Sharaɗin bayyana dalili ya dace da rahoton ɗakin gwaji. Bai isa a ce maganin ya ɓace ba, domin ɓacewar uwar ƙwaya na iya nufin ta karye ne zuwa 'ya'ya masu dafi. Rahoton da za a dogara da shi sai ya nuna nawa ne ya ragu daga jimillar kabon da ke narke a ruwan, nawa ne kulorin da ya kwance ya koma kuloraid, sannan a saka ƙananan halittun ruwa ko 'ya'yan kifi a cikin ruwan da aka gyara na tsawon awa 48 zuwa 96 a ƙidaya waɗanda suka rayu.